Turakun Jirgi Mai Gudu

Ku yaran yanzu, da kuke kafa sanda mai faranti a ka, ku latsa waya, tauraron ɗan adam ya gaya muku inda kuke tsaye, kun ɗauka aikin safiyo yawon shan iska ne da hular kwano. Rannan ina jin ɗayanku yana cewa riƙe sandar awo ai ko jaki aka ɗaura wa zai iya. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro. To yau na tofar.

Sunana Haladu, haifaffen Makera. Kafin in shiga wannan sana'a dako nake yi a ƙofar masaƙa a Kakuri, ina ɗaukar dilar atamfa a ka. A nan Oga Emeka ya gan ni. Safiyo ne, mutumin Gabas, Kirista, amma a Kaduna ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunku daɗi. Ya taɓa barin garin nan da rigar jikinsa kawai a tashin hankalin da aka yi kafin yaƙin basasa, bayan an gama ya dawo ya kama ɗaki a Sabon Tasha. Bai taɓa ba ni labarin abin da ya gani a lokacin ba. Abin da na lura da shi kawai, in muka doshi inda mutane suka taru suna hayaniya, ko da cinikin doya ake yi, sai ya canza hanya. Da na tambaye shi abin da ya sa ya zaɓe ni cikin 'yan dako, sai ya ce ya ga ina tafe da kaya wuyana ba ya rawa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai sarƙar ƙarfe, wadda in ta sha rana ta ƙone maka tafin hannu, in ta sha raɓa ta yi tsatsa, kai za ka zauna ka goge ta da baƙin mai. Akwai sandar awo mai zanen baƙi da ja, in aka zuge ta ta fi tsayin mutum biyu. Akwai adda da guduma da gwangwanin jan fenti. Sai uwa uba na'ura mai ƙafa uku, wadda muke ce wa Ido. Tana da laimarta, kuma kada ka ɗauka don Oga ake buɗewa; shi ya gasu a rana, ita ce ba ta son zafi. Ranar da ya bar ni na leƙa ciki sai da na ja da baya ina salati, don na'urorin wancan zamani komai a kife suke nuna shi. Na ga wata mai fura tana tafiya ƙafa a sama, ƙwarya a ƙasa, furar kuma ba ta zube ba.

Turaku kuwa mu muke sassaƙa abinmu. Ka sami icce mai tauri, ka yanka shi kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ka fiƙe gindi, ka shafa wa kan jan fenti, Oga ya rubuta lamba. In ka kafa turke da kyau, sai dai a jijjiga shi da hannu biyu kafin ya fito.

Aikina na farko wani fili ne a Barnawa, lokacin ana yanka filayen gidajen ma'aikata. Oga ya tsayar da ni a kan dutse, ya ba ni sanda, ya ce doka ɗaya ce tak. Mai riƙe sanda ba ya motsi, ba ya waiwaye, idonsa na kan Oga. In ya miƙa hannun dama, ka karkata sanda dama, in hagu, hagu. Ba ka da izinin ɗaga ƙafa sai ka ga ya ɗaga hannu biyu sama. Ya tafi can nesa inda murya ba ta kaiwa. Ina tsaye, sai rina ta sauka a wuyana ta zuba mini harbi. Na yi tsalle, na kaɗe, na dawo da sanda wurinta, a zatona bai gani ba. Mutumin nan ya naɗe na'ura, ya tako har inda nake, bai zage ni ba, ya ce, "Haladu, sanda ta motsa, gini ya motsa. Mu koma." Muka koma inda muka fara da safe, muka sake komai cikin tsakar rana, wuyana ya kumbura kamar na mai maƙoƙo. Bayan 'yan watanni, a wani aiki a Unguwar Mu'azu, kare ya cafke ƙafar wandona yana ja yana gurnani, ban ko ƙifta ba har sai da na ga hannu biyu a sama. Ranar Oga ya saya mini tsire, ya ce na zama mutum.

A da, kowa son safiyo yake yi. Mu ne masu nuna wa mutum iyakar feginsa, mu ne masu raba gardama tsakanin maƙwabta. In muka sauka a unguwa har kunun zaƙi ake aiko mana daga cikin gida, wani Alhajin ya sa a kama mana kaza. Ban san ana ƙin mai riƙe sanda ba sai a farkon shekarun tamanin, zamanin farar hula, da wani kamfani ya ɗauke mu awon sabon layin dogo.

Jirgin da muka sani tun muna yara, jirgi ne mai haƙuri. Tun yana nesa kake jin kukansa, ka kora awakinka, ka tsallaka, har ka tsaya ka ɗaga wa fasinja hannu. Yana lanƙwasa, yana kewaye gari. Wannan sabon kuwa, aka ce kafin mutum ya gama cin tuwo ya kai Zariya. To jirgi mai irin wannan gudu ba ya son lanƙwasa, layinsa sai ya miƙe sambal kamar zaren magini. Duk abin da zaren ya bi ta kansa, ko gida ne, ko rijiya, ko masallaci, ya zama na jirgi. Zaren nan kuwa ya ratsa ta tsakiyar gidajen talakawa a bayan Tirkaniya.

Babu wanda ya fito ya yi wa mutane bayani. Manyan kamfanin suna can a ofis, mu ne fuskar jirgin da kowa ke gani. Zance ya bazu. Wai iskarsa kaɗai tana fizge goyo daga bayan uwa. Wai girgizarsa tana tsaga ginin ƙasa. Wai za a katange layin da waya hagu da dama, wanda gidansa ke nan kasuwarsa ke can sai ya yi doguwar kewaya kafin ya ga gada. Na ƙarshen nan ma gaskiya ne, na ji da kunnena a bakin injiniyoyi. Maganar diyya kuwa, in ka ambata sai a yi maka dariyar da ba daɗi. Aka yi ta taro a ƙofar gidan mai unguwa, dattawa suka yi ta zarya ofis-ofis suna kai kuka, limamai suka sa abin a huɗuba, har fastoci a Kakuri. Ma'aikatan masaƙa suka ce ba a rusa musu ɗaki suna raye. Mu kafa turaku yau, gobe mu tarar an ɗaure akuya a ɗaya, sauran suna cikin kwata. Mata su jira sai mun zo daidai katanga su watso ruwan wanke-wanke. Yara su bi mu suna waƙa suna jifa da tsakuwa. Ni kaina a masallacin unguwarmu a Makera na fara ganin wanda ke kusa da ni a sahu yana janye ƙafarsa. Tun daga lokacin kullum da faɗuwar gaba nake fita aiki.

Turke ɗaya ne ba a tuge ba, na zauren Baba Isiyaku. Tsoho ne mai gyaran keke, ya gina gidansa da hannunsa, tubali bayan tubali. Ranar da layi ya kai mu ƙofarsa yana zaune yana liƙin tayar wani. Oga ya leƙa Ido, ya miƙa hannu dama, na matsa, ya sake miƙawa, na matsa, har na tsinci kaina a tsakiyar zauren mutum. Tsohon ya tashi ya kawo mana ruwan randa a moɗa, ya tsaya yana kallo ina buga guduma.

"Ɗana," ya ce da ni, "nan ne zai bi?"

Na ce, "Baba, haka na'ura ta nuna."

"Ta cikin zauren?"

"Ta ciki, Baba."

Ya juya wajen Oga. "Ranka ya daɗe, in na cire wannan abu laifi ne?"

Oga ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, kayan hukuma ne. Ni dai ban ce ka taɓa ba."

Da maƙwabtansa ne, kafin mu sha kwana sun jefar. Shi kuwa mutumin da ne, yana tsoron hukuma kamar wuta. Ya samo tsohon kwano ya kife a kan turken don kada jikoki su yi tuntuɓe. Duk sanda muka wuce za mu gan shi zaune kusa da kwanon, ba ya liƙi, ba ya ɗaurin sarƙa, sai ya tare ni ya ce, "Ɗana, yaushe ne?" Ni kuma ban sani ba, Oga ma bai sani ba. Ina kallon tsohon nan yana ramewa, wuyan rigarsa na ƙara faɗi. Yana da ɗa, Garba, ma'aikacin masaƙa, ƙato, mai zafin zuciya. Shi ba ya tambaya. Tsayawa yake a ƙofa ya harɗe hannu yana bin mu da ido har mu ɓace.

Gaba da gidajen akwai wani ɗan kurmi da ya tare wa Ido gani. A aikinmu abin da ya tare layi sarewa ake yi, ba a shawara. Leburori suka shiga da adda suka buɗe hanya, da muka ga iccen mai tauri ne, miƙaƙƙe, daidai kauri, sai muka ce Allah ya kashe ya ba mu. Muka zauna muka sassaƙe shi tas ya zama turaku, muka jera su tun daga nan har bakin rafi. A bayan kurmin akwai guntuwar katangar ƙasa, a bayanta maƙabartar unguwa. Mu baƙi ne a wurin, a idonmu daji ne kawai.

Ranar da abin ya faru Talata ce, da hantsi. Oga ya kafa Ido a kan wani tudu can nesa, kusa da motar kamfani, inda direba da leburori ke zaune a inuwa. Ni kuma awo ya kawo ni tsakiyar wata siririyar hanya, katangar maƙabarta a damana, rami mai zurfi a haguna. Na dasa sanda, na ba unguwa baya, na zuba wa Oga ido.

Takalma na fara ji. Silifa da yawa suna bugun ƙasa da sauri, amma babu mai magana. Na ce a raina ma'aikatan masaƙa ne suka taso, za su raɓa ni su wuce kamar kullum. Na ga Oga ya ɗago kai daga na'ura, ya sake sunkuyawa, ya sake ɗagowa. Hannayensa suna kan ƙafafun Ido. Bai ɗaga ba. Takalman suka matso har ina jin numfashin mutane. Zuciyata na ce mini juya, amma wuyan da rina ta hora ba ya juyawa. Na ƙara damƙe sanda. Sai takalman suka tsaya cak.

Wata murya a bayana ta ce, "La'ilaha illallahu. Ya tare wa gawa hanya."

Nan na waiwaya. Kan makara yana dab da kafaɗata, an lulluɓe mamacin da tabarma, a baya kuma mutane ne har iya ganina. Ku da kuka tashi a garin nan kun sani, in aka ɗauki gawa ba a tsayawa da ita. Ana tafe ana karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa, mai keke ya sauka, mai ciniki ya miƙe, kowa ya kauce. Ni kuwa ga ni tsaye ƙiƙam a tsakiyar hanya, na ba ta baya, da sandar jirgi a hannuna.

"Su ne!" Garba ne ya ratso daga cikin mutane, idonsa jajur. "Wallahi su ne suka kashe shi! Bai ishe su ba, sun biyo shi har kabari!"

A haka na san Baba Isiyaku ne a kan makara.

Marin farko ban ga wanda ya yi shi ba. Aka fizge sanda aka wurga rami, aka shaƙe ni da wuyan riga. Ina jin ƙarar mota, direba ya kwashi leburori ya tsere ya bar mu. Samari suka yi kan tudu da gudu. Oga yana ganinsu, yana da sararin da zai ruga, amma ko taku ɗaya bai yi ba. Suka jawo shi a ƙasa har inda nake, tabaransa ya faɗi aka take, farar rigarsa ta yage. Suka durƙusar da shi. Wasu suna tsintar duwatsu, wani yana ta ihu a nemo kalanzir. Ina cewa, "Ku ji tsoron Allah, aiko mu aka yi," wani ya doke mini baki ya ce, "Kai da sallarka kake bin sa kuna rusa mana gidaje." Liman yana magana, ba mai jin sa. Dattawan da ke ɗauke da makara suka rasa yadda za su yi, suka sauke ta a gefen hanya.

Na dubi Oga. Bai roƙi kowa ba, bai yi kuka ba. Ya ƙura wa ƙasa ido, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa toka. Wannan mutum shi ya raba ni da dako, shi ya koya mini abin da nake ci da shi har yau, kuma na tabbata a gabana za a kashe shi. Garba ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro wani abu. Turke ne mai jan kai, na zauren ubansa. Ashe tun da safe ya tuge shi ya taho da shi. Ya kama shi ta kan, tsinin yana kallon ƙasa, ya ɗaga sama da ƙeyar Oga.

"Wa ya ajiye mini gawa a rana?"

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kowa ya ji. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne ya fito ta ƙofar maƙabarta, jar ƙasa har gwiwa, da adda a hannu. Malam Buba ke nan, mai haƙa kabari, wanda babu gidan da bai binne wa wani ba a unguwar. Mutane suka dare masa. Ya zo ya tsaya tsakanin Garba da Oga kamar bai ga abin da ke sama da kansa ba.

"Garba, rami na gama. Amma ban da itace."

Garba ya ce, "Baba, ka matsa."

"Na ce ban da itacen rufe ubanka. Tun safe nake zagaye, 'yan ƙirare na samu, ba za su ɗauki ƙasa ba. Kurmin nan na bakin katanga, tun ina saurayi daga nan nake sara, ba mai taɓa shi ko don girki, kowa ya san na matattu ne. Ga shi an aske shi." Ya nuna mu da bakin adda. "Waɗannan su suka kwashe, su za su dawo da shi. In kun kashe su, kabari uku ke nan, ni kuwa itacen ɗaya ma ban da shi. Ku ɗauke mini bawan Allah ku kai inuwa."

Ba wanda ya yi dariya, amma hayaniyar ta faɗa. Dattawa suka ɗauki makara suka shige. Garba ya sauke hannu a hankali, bai dai saki turken ba. Ya ce, "Su tashi su tuge."

Muka bi layinmu, ni da Oga, samari na biye da mu da duwatsu a hannu. Na gaya muku turken da aka kafa da kyau ba ya fita da sauƙi, ranar na yi da-na-sanin iya aikina. Ba guduma, ba adda, da hannu muke jijjigawa muna ja. Tafin hannuna ya tsage. Oga, wanda alƙalami da na'ura kawai ya saba riƙewa, yana durƙushe yana kokawa da icce, farcensa na jini, yana tara turakun a ƙirji har jan fenti ya ɓata abin da ya rage na rigarsa. Aikin da muka sha rana muna yi, muka bi shi muna warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Da muka sunkuya kan turke guda tare, sai ya yi mini raɗa.

"Haladu, in turakun suka ƙare fa?"

Ni ma tambayar da ke cina ke nan.

A ƙofar maƙabarta Malam Buba ya karɓi na hannun Oga ya ɗora mini. Ya shimfiɗa buhun da yake zama a kai, ya ce da Oga, "Zauna nan." Sannan ya dubi samarin ya ce, "Baƙona ne har in fito." Wasu suka shiga, wasu suka tsaya suna gadinsa.

Aka sa Baba Isiyaku a ƙaramin ramin da ke cikin babban, aka kwantar da shi a gefen dama. Malam Buba ya sauka, ni na durƙusa a baki ina miƙa masa. Ya ɗora turken farko a gicciye, sai ga shi ya zauna daram, gefe da gefe, kamar don haka aka yanka shi. Kamu ɗaya muke yanka turke, shi ma kamu ɗaya yake yanka itacen kabari. Ya fara daga ƙafa yana jerawa, jan kai kusa da jan kai, lambobin Oga suna kallon sama. Ina miƙawa, ina kallon tarin yana raguwa. Na miƙa na ƙarshe, ya ɗora. Sai ga 'yar kafa ta rage daidai kan mamacin, ana hango farin likkafani.

Malam Buba bai ɗago ba. Ya miƙa hannu sama, wajen da Garba yake tsaye.

"Kawo wancan."

Garba ya ƙara damƙe shi. Hannun tsohon yana nan a miƙe, ƙasa na zuba daga yatsunsa.

"Ƙasa za ta zubo masa a fuska, Garba."

Ƙaton nan ya dubi turken, ya dubi ramin. Ya durƙusa, ya sa shi a hannun tsohon, ya kifa kai a gwiwa yana kuka kamar yaro. Malam Buba ya toshe kafar da shi, aka miƙo ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya shafe. Da mutane suka matso kowa yana tura ƙasa da hannu, ya kama gefen rigata ya ce a kunnena, "Ɗauki mutuminka ku bi ta bakin rafi. Kada ku yi gudu."

A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban yi abin da ya kai tafiyar nan wuya ba. Masu gadin sun shiga tura ƙasa, saura biyu, suka bi mu da kallo. Muna tafe sannu-sannu, bayana yana jiran dutse, ƙafafuna na roƙona in ruga. Sai da muka hango hayaƙin masaƙun Kakuri Oga ya zube a gindin wani mangwaro. Ya daɗe yana kallon hannayensa.

"Na gan su, Haladu," ya ce. "Tun daga nesa na gan su a cikin Ido, a kife, suna tahowa a bayanka. Na ce wa hannuna tashi. Wallahi ya ƙi tashi."

Bayan kwana biyu na koma ni kaɗai, ina rarrabe ido. Na sami Ido a rumfar Malam Buba, a jingine kusa da makara, an rufe ta da laimarta, ko ƙwarzane babu. Kamfani ya ce mu koma mu sake kafa turaku, za a haɗa mu da 'yan sanda. Oga ya ce a nemi wani. Ba a ma kai ga neman ba, ƙasa ta shiga matsi, aka ce a ɗaure ɗamara, maganar jirgi mai gudu ta bi ruwa. Wannan ita ce muguwar shekararmu, safiyo da yawa suka koma gida, ni ma sai da na koma dako na ɗan lokaci. Oga Emeka ya buɗe shagon kayan mota a Kakuri, har ya rasu bai sake sa ido a na'ura ba. Zauren Baba Isiyaku yana nan, jikansa na gyaran babur a ciki. Abin da aka kafa na wancan layi a ƙasar Kaduna, in gara ta bar wani abu, yana jere a kan tsohon da ya ba mu ruwa.

Ni na ci gaba da riƙe sanda har gwiwa ta gaza, na kuma koya wa mutane da yawa, wasunsu su ne ogoginku yanzu. Dokar ban canza ta ba. Ka dasa sanda, ka tsaya, ko rina ce ko kare, kada ka motsa. Kafin ka sa adda a icce, ka tambayi na wane ne. Amma in kana tsaye ka ji takalma da yawa a bayanka, kuma babu mai magana, kada ka jira hannun kowa. Ka waiwaya.